Ruwan Boila da Kunyar Suruki

Mutumin da ya koya mini aikin boila shi ne ya ba ni 'yarsa aure. Da ya san abin da wannan alheri zai jawo mana a wurin aiki, ina jin da ya sake tunani. Ni dai ba zan fasa ba.

Injin gyaran shinkafa ne a wajen Ƙofar Gayan, da ka wuce ragowar ganuwa ka karya dama. Ana kawo shinkafa da ɓawonta daga ƙauyuka, a jiƙa ta a manyan tankuna, a turara, a baza a dandamalin siminti ta sha rana, sannan ta shiga inji. Turarawar nan ita ce aikinmu. Boila kuwa, ga wanda bai taɓa gani ba, ƙatuwar tukunyar ƙarfe ce a kwance, rufaffiya ruf, tsawonta ya kusa na ƙaramar bas. Ruwa ne a cikinta, wuta na ratsa shi ta wasu bututai, tururi na taruwa a sama har a buɗe masa hanya ya tafi tankunan shinkafa. Ɓuntun da inji ya fitar shi muke ƙona mata, fanka na hura shi. Abu ɗaya ne ba ta yafewa, wato ruwa ya yi ƙasa da bututan nan alhali wuta na ci. Ƙarfen zai yi ja, ya yi laushi, tururin ciki ya yage shi, kuma duk wanda ke kusa sai dai a ba da labarinsa.

Ni mai walda ne asalina. Ina da shekara talatin da 'yan kai aka kira ni in liƙe musu bututun hayaƙi da ya ɓule. Ina sama ina aiki, wani dattijo siriri mai farin gemu ya tsaya a ƙasa, hannuwa a baya, yana kallona tun daga farko har ƙarshe. Da na sauko ya ɗaga kai ya dubi ɗinkin ya ce, "Kai, Mai walda, wannan ɗinki ne ko kashin kaji?" Raina ya ɓaci. Na ce ya hau ya doka da guduma, in ya ɓalle in bar sana'ar. Bai hau ba, dariya ya yi, ya ce yana neman mutum mai taurin kai wanda zai riƙa karɓar sa da azahar. Wannan shi ne Baba, kamar yadda kowa ke kiran sa a wurin. Ya yi ƙuruciyarsa yana kula da manyan boiloli a wata masaƙa da ta daɗe da rufewa.

Aikin ba wuya gare shi ba, naci gare shi. Kowace safiya sai an buɗe bawul ɗin ƙasa boila ta zubar da lakar da ta kwanta mata a ciki, don ruwan rijiyarmu zartsi ne, yana barin wani farin ɓawo a jikin ƙarfe. Ranar Alhamis Baba kan hau tsani ya ɗaga hannun bawul ɗin kariya na sama, ya saurari ihunsa, ya sake shi ya ji ya rufe da kansa. Ranar Asabar da sassafe, kafin a hura wuta, mu zura dogon buroshi a bututai mu fitar da toka, mu fito baƙi ƙirin sai haƙora. Sau biyu a shekara kuma a bar ta ta huce, a kwance murfinta, mutum ya shiga ciki da 'yar guduma yana ɓamɓare ɓawon nan, kuma tun da na zo wannan mutumin ni ne. Abin da ke ba ni haushi har yau shi ne masu zuwa su shanya rigarsu a jikinta, ko su ɗora mata ƙwai ya dahu. Na sha korar su, har aka sa mini suna mai kishin boila.

Amma uwar aikin duka ita ce gilashin ruwa. Siririn bututun gilashi ne a tsaye a gaban boila, bai wuce taƙi ɗaya ba, kuma inda ruwa ya tsaya a cikinsa nan ya tsaya a cikin boila. Sai dai gilashi na yin ƙarya. In laka ta toshe hanyarsa, ruwan jiya zai nuna maka. Kuma cikakken gilashi da wanda ba komai a cikinsa kamarsu ɗaya a ido, domin babu layin ruwa a kowanne. Maganin wannan shi ne abin da muke kira wanke gilashi. Ka buɗe ɗan bawul ɗin da ke gindinsa, ruwa da tururi su feso ƙasa, ka rufe, ka ga ruwan ya dawo da sauri ya tsaya yana 'yar rawa. In ya dawo yana jan ƙafa, ko bai dawo ba, to akwai magana.

Dokar Baba ita ce duk wanda ya zo karɓar aiki ya wanke gilashi da hannunsa, a gaban wanda ya miƙa masa, ko da ubansa ne. Shi ke safe, tun bayan asuba, ni in karɓa da azahar. Da daɗi nake bin wannan doka. In ya ce ruwa na rabi, sai in ce, "To Baba, bari mu ga ko gaskiya ka faɗa." Ya ce, "Duba, ja'iri." In buɗe, ya feso, ya dawo rabi daidai, ya harare ni ya ɗauki kekensa.

Shekara biyu muna haka. Wata rana ya gan ni da kwanon mai abinci, ya tambaye ni har yaushe mutum mai gemu zai riƙa cin shinkafar titi. Yana da 'ya malamar firamare. Na fara zuwa zauren gidansu, ta yi wata da watanni tana yi mini tambayoyi fiye da mai ɗaukar aiki, sannan ta ce ta yarda. Aka ɗaura, ta tare a gidanmu da ke Kusfa.

Daga ranar komai ya canza tsakanina da shi. A birni an san yadda ake da suruki. Ba ka cin abinci a gabansa, ba ka haɗa ido da shi, ba ka ɗaga murya, in kun haɗu a lungu ka tuɓe takalmi ka durƙusa. Ba wanda ya ce mini in kai wannan wurin aiki, kunya ce kawai ta biyo ni har can. Ranar da na koma bayan biki na tarar da shi a gaban boila, na durƙusa cikin toka na gaishe shi. Ya kau da kai ya ce, "Malam, an zo lafiya?" Malam fa! Ni da nake Mai walda shekara biyu. Masu ɗaukar buhu suka yi ta dariya, mu kuwa ba wanda ya dara.

Ya ce, "Ruwa na rabi."

Na ce, "To Baba, Allah ya huta gajiya."

Hannuna ya ƙi zuwa bawul ɗin nan. Ta yaya zan bincika maganar mutumin da ya ɗauki 'yarsa ya ba ni? Na yi ta 'yan kame-kame, ina gyara shebur, ina share gaban murhu, har ya tura kekensa ya fita. Sannan na wanke gilashin. Washegari ma haka. Na zaci zai yi mini faɗa, bai yi ba. Abin ya zame mana al'ada har shekara uku.

A cikin shekara ta biyu na fara ganin wasu abubuwa. Yakan kai fuskarsa dab da gilashi har gumin tururi ya jiƙa masa gemu. Ya liƙa farin kwali a bayansa, ya ce don haske. Yana da agogo a hannu amma sai ya tambayi ƙarfe nawa. Keken ma in ya shiga lungunan birni sai ya sauka ya tura. Sau biyu na tarar da ruwa ya fi yadda ya faɗa, sau ɗaya kuma ya gaza. Na gani sarai, ba zan yi wa kaina ƙarya a takarda ba. Na dai ce wa raina ai ina nan, ina wankewa bayan ya tafi, me zai faru?

Abin ya faru ne da kaka, lokacin da sabuwar shinkafa ta cika wurin, boila na aiki ba hutu. Mata goma sha biyu ne daga ƙauyukan kusa ke shanya a dandamali, kuma dandamalin na manne da rumfarmu, bango ɗaya ne na bulo a tsakani. Ina jin ƙarar manjagararsu a kan siminti da hirarsu. Na shigo da azahar na durƙusa na gaida Baba.

Ya ce, "Ruwa na rabi, Malam."

Na ɗaga ido. Babu layi a gilashin, fes yake daga sama har ƙasa. Amma na ce wa raina to, bari ya fita. Sai ya ce kekensa na wurin mai faci, a nan zai yi salla ya jira. Ya ɗauki buta, ya zauna a kan wani bulo, taku biyu daga gilashin, ya naɗe hannun riga.

Na tsaya. Fanka na hurawa, ɓuntu na ci, ni kuwa ina tsaye da shebur a hannu kamar gunki. Ya wanke hannu. Na ce wa raina cikakke ne, ya ba ta ruwa da yawa kamar wancan karon. Ya kurkure baki, ya shaƙa ruwa ya fyace. Na ji wata mata a bayan bango tana lallashin goyonta. Ya wanke fuska sau uku, a natse, yana tsefe gemu da yatsu, don Baba ba ya gaggawa a alwala. Dama, hagu, har gwiwar hannu. Wallahi na san abin da ya kamata in yi, hannuna ne ya yi nauyi. Ya shafi kai da kunnuwa. Sai da ya ɗora ƙafar dama a kan dutse ya fara cuɗa ta sannan na jefar da shebur na kama bawul na murɗa.

Busasshen tururi ne ya fito, da wata siririyar ƙara mai kaifi, ko ɗigon ruwa babu. Baba bai buƙaci ido ba, kunnensa ya gaya masa. Ya miƙe, buta ta kife, ƙafa ɗaya jiƙe ɗaya bushe.

"Mai walda! Kashe fanka!"

Na kashe. Cikin ruɗewa na kai hannu ga makunnin famfon da ke tura ruwa, sai na ji an kaɗe mini hannu da ƙarfi. Mutumin da ba ya ganin gilashi ya sami hannuna daidai.

"Kar ka ba ta ruwa! So kake ka kashe mu?"

Gaskiyarsa. Ruwan sanyi a kan jan ƙarfe shi ne abin da ke fasa boila nan take, kuma shi ya koya mini wannan tun makona na farko. Ya ɗauki dogon ƙarfen jan wuta, ni na ɗauki shebur. Yana jawo garwashin ɓuntu waje, ina binne shi da jiƙaƙƙiyar toka. Da wutar ta mutu ya lallaɓa ya rufe hanyar tururi a hankali, ya ce kada in ƙara taɓa komai a jikinta. Na zagaya da gudu na ce wa matan su fita su yi bakin titi. Suka tsaya suna kallona. Wata tsohuwa ta ce in sun tafi awaki za su cinye shinkafar mutane. Na daka mata tsawar da har yau nake jin nauyinta, ta ɗauki mayafinta tana mita, sauran suka bi ta.

Muka zauna ƙarƙashin darbejiya a tsallaken titi, mu da su da masu buhu, muna jin ƙarfen boila na ƙas, ƙas, yana hucewa. Ba abin da ya fashe. Baba ya sake alwala da butar wani, ya ja mu azahar a makare.

Da ta huce muka gano dalili. Ɓuntu ne ya toshe rariyar bakin famfo, famfo na kuka yadda ya saba amma ruwan da ke shiga kaɗan ne. Alhaji mai injin ya kira injiniya daga Kaduna, ya buɗe ta, ya tarar da bututan sama sun canza launi, ya sa aka sauya biyu, ya gwada ta da matsin ruwan sanyi ya ce ta tsira. Alhaji ɗan kasuwa ne, shinkafa ya sani, bai san boila ba. Ya tambayi a hannun wa abin ya faru, na ce na riga na karɓi aiki. Ya yi mini faɗa son ransa, na shanye. Baba kuwa ya aiko cewa ba ya jin daɗi, kwana uku bai zo ba.

A gida na gaya wa maiɗakina komai. Tana zaune a tabarma tana duba littattafan ɗalibanta. Ta ajiye jan biro ta ce ai sun sani tun bara. Yana buɗe Alƙur'ani a gabansa amma da ka yake karantawa, ba ya ma juya shafi a inda ya kamata. Innarta kan matsa masa kofin shayi har ya taɓa yatsunsa, ta yi kamar gyara tire take.

Na ce, "Kun sani, kuka yi shiru?"

Ta ce, "To wa zai faɗa masa?"

Nan fa na hau. Na ce a gida in bai gani ba shayi ne zai zube, a can kuwa rayukan mutane ne, har da mai goyo. Na yi ta faɗa, ta bar ni na gama. Sannan ta ce, a hankali, "Kai da kake tare da shi kullum, ka faɗa masa?" Na fita tsakar gida na zauna a kan turmi.

Ranar Juma'a da hantsi ya aiko a kira ni. Na tuɓe takalmi a ƙofar zaure, na shiga na durƙusa daga nesa. Yana zaune a kan buzu, carbi a hannu.

Ya ce, "Zauna sosai, ba gaisuwa na kira ka ba. Yaushe ka ga babu ruwa?"

Na ce, "Da na shigo, Baba."

"Da ka shigo. Ka tsaya har na kai ƙafa."

"Kunya ce, Baba."

Ya ajiye carbin. Sannan ya ce, "Kunya. In da ta tashi da matan nan, me za ka ce wa mazajensu? Ka ce kunyar surukinka kake ji? 'Ya na ba ka, ban ba ka izinin ka zama sakarai ba." Muryarsa ba ta tashi ba, kuma da ta tashi da ya fi mini sauƙi. Na sunkuyar da kai ina kallon zaren tabarma.

Sai ya ce, "Amma laifina ya fi naka."

Ya gaya mini damina biyu ke nan bai ga layin ruwan nan ba. Da kunne yake aiki, da kuma carbi. Yakan kunna famfo ya ja adadin da ya san yana kai ruwa rabi, ya kashe. Kullum kuma in ya fita da azahar ba gida yake wucewa ba. Yakan tsaya a bayan katanga, riƙe da keke, har sai ya ji na wanke gilashi, ya ji sautin ruwa a cikin fesowar, sannan hankalinsa ya kwanta ya tafi. Ranar nan ya zauna ne yana jiran in wanke, ni kuma ina jiran ya tashi.

Ya ce, "Da ba ka auri 'yata ba, da tun bara na ce, Mai walda, zo ka duba mini. Amma da wane baki zan ce wa surukina na makance? Ni ma kunyarka nake ji."

Tausayinsa ya kama ni, da haushinsa, da haushin kaina, duk a lokaci ɗaya, har idona ya cika. Na gode wa Allah da ba ya gani sosai.

Washegari ya je wurin Alhaji da ƙafarsa, ya ce masa ba ni ne mai laifi ba, ya faɗi komai, ya ajiye aikin. Alhaji ya so ya ba shi kujera a ƙofa ya riƙa sa ido kan buhuna, ya ce ai idon ne babu. Aka ɗauki wani mutum daga Tudun Wada yana yin safe, kuma kullum da azahar ina wanke gilashi a gabansa, in ya tsuke fuska ma matsalarsa ce.

Yanar ido ce ta kama Baba. Daga baya aka yi masa aiki, ido ɗaya ya buɗe, ɗayan bai buɗe ba, kuma bai sake tsayawa gaban boila ba. Amma ranar da na fi tunawa ita ce ta farko da na kai shi asibiti. 'Ya'yansa maza ba sa gari, ni na ɗauke shi a babur. Duk tsawon hanya ƙarfen baya ya riƙe, ko rigata bai bari ya taɓa ba, ni kuma na takure a kan tanki don kada bayana ya goge shi. Muka isa, muka sauka, na ja baya in ba shi hanya ya wuce gaba kamar yadda ya dace. Ya yi taku uku ya tsaya a gindin matakala. Mutane na wuce mu ta ko'ina. Ya daɗe a tsaye, sannan ya miƙo hannu gefe, ba tare da ya juyo ba.

Ya ce, "Riƙe ni. Ba na ganin matakalar."

Na kama hannunsa. Duk tabon ƙuna ne. Na ce, "Guda biyar ne, Baba. Ɗaga ƙafa."